Watannin da katin shaidar Estoniya ya tsage: nazarin rikicin 2017

Ranar Laraba 30 ga Agusta, 2017, wani saƙo ya iso RIA, hukumar da ke kula da tsarin bayanan gwamnatin Estoniya, wata ƙaramar ƙasa a arewacin Turai. Masu bincike ne daga Jami'ar Masaryk da ke birnin Brno a Jamhuriyar Cek suka aiko shi. Abin da suka faɗa gajere ne: ƴar ƙwaƙwalwar da ke manne a jikin katin shaidar ƴan ƙasar tana da lahani, kuma mai kuɗi da manyan kwamfutoci zai iya lissafo makullin sirrin mutum ba tare da ya taɓa katinsa ba. Da aka ƙidaya, katunan da abin ya shafa sun kai kusan 760,000, wato duk waɗanda aka bayar tun Oktoban 2014. Ƙasar gaba ɗayanta mutum miliyan 1.3 ne. Saura mako shida da ƴan kwanaki a yi zaɓen ƙananan hukumomi, kuma a daidai wannan lokacin Estoniya ce ke riƙe da shugabancin karɓa-karɓa na Majalisar Tarayyar Turai, tana ta gayyato shugabanni su zo su ga yadda ake tafiyar da gwamnati ta intanet.

Kafin a gane girman wannan saƙo sai an san matsayin katin a rayuwar mutanen can. An fara raba shi a 2002, kuma wajibi ne ga duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 15. A ido, kati ne kamar na banki, da hoto da suna da lamba mai alƙaluma 11 wadda ke bin mutum tun daga haihuwa. Aikin yana cikin ƴar ƙwaƙwalwar nan mai ruwan zinare, irin wadda ke jikin layin waya. A cikinta akwai makullan sirri guda biyu. Na farko na tabbatar da cewa kai ne, ana buɗe shi da lambar sirri mai alƙaluma huɗu. Na biyu na sa hannu ne, lambarsa alƙaluma biyar, kuma tun shekarar 2000 doka ta ce wannan sa hannun daidai yake da wanda mutum ya yi da biro a takarda. Da shi ake ƙulla yarjejeniya, a yi rajistar kamfani, a tura kuɗi masu yawa.

Abin da ya bambanta katin da na sauran ƙasashe shi ne yawan masu tarayya a kansa. Gwamnatin tsakiya ce ke bayar da shi ta hannun hukumar ƴan sanda da tsaron iyaka, amma ba ita kaɗai ke cin moriyarsa ba. Bankuna da kamfanonin sadarwa ne suka kafa kamfanin SK a 2001, wanda a lokacin rikicin shi ke ba da satifiket ɗin da ke tabbatar da cewa makullin wane na wane ne. Ƙananan hukumomi ba su tsaya buga nasu katin ba. Tallinn, babban birnin ƙasar, ya ɗora tikitin bas a kan katin shaida a 2004, kuma da ya mayar da shiga bas kyauta ga mazaunansa a 2013, rajistar ƴan ƙasa ce ke nuna wane ne mazaunin birnin. Asibitoci, makarantu, ɗakunan karatu, hukumar haraji, kotuna, kowa ya jingina da shi. Bayanan kuwa ba a tara su a rumbu ɗaya ba. Kowace hukuma tana riƙe da nata, sai wata hanya mai suna X-Road, wadda aka buɗe a 2001, ta haɗa su suna tambayar juna abin da doka ta yarda su tambaya. Kati shi ne makullin da ɗan ƙasa ke buɗe duk waɗannan ƙofofi da shi.

Ka ɗauki wata dattijuwa a tsibirin Saaremaa mai fama da hawan jini. Maganinta ya ƙare, ta kira likitanta a waya. Likita ya zura nasa katin a ƴar na'urar da ke haɗe da kwamfutarsa, ya danna lambarsa, ya rubuta maganin. Ita kuma ta je kantin magani mafi kusa, ta miƙa katinta, mai kanti ya duba allo ya ga abin da likita ya rubuta, ya ɗauko ya ba ta. Ba takarda, ba kuɗin mota zuwa asibiti. Tun 2010 ake haka, har ta kai kusan duk takardun magani a ƙasar ta wannan hanya suke bi. In ta koma gida ta ga dama, za ta iya shiga shafin lafiyarta ta ga sunan duk wanda ya leƙa bayananta.

Shekarar 2017 kuma ta zo da wani abu da ya ƙara wa katin nauyi. A shekarar ce aka haɗe ƙananan hukumomin ƙasar, daga 213 suka koma 79. Saaremaa ɗin nan, da take da ƙananan hukumomi 12, ta zama guda ɗaya. Mutanen ƙauye da dama ofishin hukuma ya yi musu nisa, kuma hujjar da ake kwantar musu da hankali da ita ita ce, ai yawancin abin da za ka je yi ofis kana iya yin sa daga ɗakinka. Zaɓen 15 ga Oktoba shi ne wanda zai kafa majalisun waɗannan sababbin hukumomi. Ana tsakiyar wannan ne aka ce makullin yana da tsaga.

Lahanin kansa ya cancanci a tsaya a kansa, don ba irin wanda aka saba ji ba ne. Ba wanda ya yi kutse, ba wanda ya saci komai. Tsarin makullan da katin ke amfani da shi a lokacin, RSA, ya dogara ne kan wani lissafi mai sauƙin faɗa. Ana ɗauko lambobi biyu manya-manya, irin waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, a ninka su. Sakamakon ninkin shi ne makullin fili, wanda kowa zai iya gani. Lambobin nan biyu kuwa su ne sirrin. Ninkawa aikin ƙiftawar ido ne, amma a ba ka sakamakon a ce ka nemo lambobin da suka haife shi, wannan aiki ne da kwamfutocin duniya za su tsufa ba su gama ba. Sharaɗin ɗaya ne: a zaɓo lambobin biyu ba bisa wani tsari da za a iya hasashe ba.

A nan aka samu matsala. Kamfanin Infineon na Jamus, wanda ya ƙera ƴar ƙwaƙwalwar, ya sa mata wata dabara ta gaggauta zaɓen lambobin, saboda ƙwaƙwalwar kati ba ta da ƙarfi kuma ba a son mutum ya yi ta jira. Dabarar ta sa lambobin suna fitowa da wata siffa ta musamman. Kamar maƙerin da ya ƙera kwado dubu, kowanne da makullinsa daban, amma duk ya yanke haƙoransu daga ƴan samfura kaɗan. Wanda ya gano samfuran ba sai ya gwada makullan duniya duka ba. Petr Švenda da abokan aikinsa a Brno sun lura da wannan siffa ne suna nazarin miliyoyin makullai daga katuna iri-iri, suka sa wa lahanin suna ROCA. Lissafinsu ya nuna cewa fasa makulli ɗaya irin na katin Estoniya zai ci tsakanin dala 20,000 zuwa 40,000 idan aka yi hayar kwamfutoci. Wannan kuɗi ya fi ƙarfin ɗan damfarar unguwa. Amma ga wanda ke son sa hannun minista ko shugaban banki, ko wata gwamnatin da ke son kunyata Estoniya, ba komai ba ne. Kuma ƙasar ba ta manta da hare-haren intanet na Afrilu da Mayun 2007 ba, lokacin da aka durƙusar da shafukan bankuna da na gwamnati bayan rikicin ɗauke gunkin sojan Sobiyet daga tsakiyar Tallinn.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wannan ƴar ƙwaƙwalwa ta ci jarrabawar tsaro ta ƙasa da ƙasa, tana da takardun shaida masu daraja. Estoniya ba ta sayi kayan bogi don neman araha ba. Ta sayi abin da masana suka sa wa hannu, lahanin kuma ya kwana shekaru a ciki ba wanda ya gani, domin lissafin sirrin kamfani ne, ba a buɗe shi ga masu bincike na waje ba.

Masu binciken sun sanar da Infineon tun Fabrairun 2017, aka yi yarjejeniyar ba za a fallasa ba sai bayan wasu watanni don a sami damar gyara. Yadda aka yi labarin bai iso Tallinn da ƙarfinsa ba sai ƙarshen Agusta ya zama abin jayayya daga baya. Kamfanin Gemalto, wanda ke haɗa katunan, ya ce wakilinsa ya faɗa wa jami'ai tun watan Yuni. Hukumomin Estoniya sun ce ba a sanar da su yadda yarjejeniya ta tanada ba. Ko ma wane ne ke da gaskiya, watanni sun salwanta a tsakanin mai ƙera ƙwaƙwalwa, mai haɗa kati da mai sayen kati.

Gwamnati ta sami kanta a gaba kura baya siyaki. In ta yi shiru, tana barin jama'a suna sa hannu da makullin da ta san yana da rauni, kuma ranar da maganar ta fito daga bakin wani, amanar da aka shekara 15 ana ginawa ta rushe. In ta yi magana, tana nuna wa maƙiya inda bango ya tsage alhali ba ta da magani a hannu. Kwana shida bayan saƙon, ranar 5 ga Satumba, Firaminista Jüri Ratas ya zauna gaban ƴan jarida tare da shugabannin hukumomin da abin ya shafa, ciki har da Taimar Peterkop na RIA, ya faɗi abin da ake ciki: akwai lahani, ga yawan katunan, ba a ga alamar an yi amfani da shi ba, ana neman mafita. A ganina wannan ce shawara mafi muhimmanci a duk rikicin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da yake kati na kowa ne, gyaransa ma sai da hannun kowa: bankuna, asibitoci, ƙananan hukumomi da ɗaruruwan masu shafuka sai sun sauya manhajojinsu, kuma ba yadda za a sa su aiki alhali ana ɓoye musu dalili.

Matakin farko shi ne rufe kundin da ke ɗauke da makullan fili na jama'a, wanda a da kowa ke iya dubawa. Ba tare da makullin fili ba, maharin ba shi da abin da zai fara lissafi a kai. Wannan ya rage haɗari amma bai kawar da shi ba, tunda duk takardar da mutum ya taɓa sa wa hannu tana ɗauke da makullinsa na fili a jikinta.

Sai batun zaɓe. Estoniya na zaɓe ta intanet tun 2005, kuma da katin ake yi. Hukumar zaɓe ta yanke shawarar a ci gaba, bisa lissafin cewa sayen ƙuri'a ɗaya da dubban daloli ba zai sauya sakamako ba, kuma cikakken bayanin yadda ake fasa makullin bai fito ba tukuna. Jam'iyyar adawa ta EKRE ta ƙalubalanci wannan, ba ta yi nasara ba. Mutum sama da 186,000 suka kaɗa ƙuri'a ta intanet, kusan kashi 32 cikin ɗari na masu zaɓe, adadin da ya zarce na duk zaɓukan baya. Ana iya karanta wannan a matsayin shaidar amincewar jama'a, kuma haka gwamnati ta karanta shi. Ni dai ina ganin caca ce da aka ci, domin ko ba a taɓa ƙuri'a ɗaya ba, da wani ya fito ana gobe zaɓe ya nuna makullin da ya fasa, zargin kaɗai ya isa ya ɓata sakamakon.

Mafitar ta fito daga cikin katin kansa. Buga sababbin katuna 760,000 da raba su zai ɗauki lokacin da babu shi. Injiniyoyi suka gano cewa ƴar ƙwaƙwalwar tana iya wani tsarin lissafin na daban, ECC, wanda lahanin bai shafa ba. Ke nan ana iya umartar katin ya haifi sababbin makullai da wannan tsarin, ya watsar da tsofaffin, ba tare da an sauya robar ba. Sa'a ta biyu kuma, hanyar sabunta kati daga gida ta riga ta wanzu, an yi amfani da ita a 2016 wajen sauya satifiket saboda wata matsala ta daban. Mutum zai zura katinsa a na'ura, ya buɗe manhaja, ya bi umarni, cikin ƴan mintuna ya rubuta sababbin lambobin sirrinsa.

Haka abin yake a takarda. Da aka buɗe sabuntawar ga kowa a ƙarshen Oktoba, jama'a suka yi ca a lokaci guda, tsarin ya kasa ɗauka. Mutum zai zauna gaban kwamfuta ya gwada, ta ce a sake gwadawa, ya gwada da tsakar dare, ya gwada da asuba. Waɗanda suka gaji suka nufi ofisoshin ƴan sanda, layi ya miƙe cikin sanyin kaka. Ana cikin haka masu binciken suka gabatar da cikakken aikinsu a wani taron masana a Dallas ta Amurka, wasu masana kuma suka fara nuna cewa ana iya fasa makullin da sauri da araha fiye da lissafin farko. Ranar Alhamis 2 ga Nuwamba gwamnati ta yanke hukunci: daga tsakar daren Juma'a 3 ga wata, an dakatar da satifiket ɗin duk katin da ba a sabunta ba.

Dakatarwa aka yi, ba sokewa ba, kuma bambancin yana da girma. Katin da aka dakatar yana nan a matsayin shaida ta ido da ido, ana tafiya da shi cikin Turai, ana karɓar magani da shi a kanti, kuma ana iya farfaɗo da shi daga gida. Abin da ya tsaya shi ne shiga shafuka da sa hannu. A ƙarshen makon nan aka keɓe hanyar sabuntawa ga mutum kusan 35,000 da aikinsu ba ya yiwuwa sai da kati, irin su likitoci da ma'aikatan shari'a, don kada a wayi gari Litinin likita ya kasa rubuta magani. Ofisoshin ƴan sanda suka buɗe Asabar da Lahadi, aka kafa wuraren sabuntawa na wucin gadi har a manyan kantuna.

Akwai abu guda da ya hana rikicin zama bala'i, wanda sau da yawa ake wucewa ta kansa da sauri. Kati ba shi kaɗai ne ƙofa ba. Tun 2007 akwai Mobiil-ID, inda makullan ke zaune cikin layin waya, kuma lahanin bai taɓa shi ba. Akwai kuma Smart-ID, manhajar waya da ba ta daɗe da fitowa ba a lokacin. Dubban mutane suka garzaya suka yi rajistar waɗannan, suka ci gaba da harkokinsu. Wanda ya tsaya layi a Kano ko Kaduna bayan umarnin Disambar 2020 na haɗa lambar NIN da layin waya ya san yadda abin ke zama idan hanya ɗaya ce tak kuma kowa na son bin ta rana ɗaya. Estoniya ta ɗanɗani irin wannan cunkoso, sai dai nata ya yi sauƙi saboda tun kafin ranar an tanadi ƙofa ta biyu da ta uku.

Lahanin bai tsaya a Estoniya ba. Silobakiya ta dakatar da satifiket ɗin katunanta, Sifaniya ma ta kashe na miliyoyin katuna. Amma a can ba a ji hayaniya sosai ba, don mutane ƙalilan ne ke amfani da ɓangaren lantarki na katin. Estoniya ta fi jin jiki ne saboda ita ce ta fi cin moriyar abin. Duk hidimar da aka ƙara ɗorawa a kan katin ta sauƙaƙa rayuwa, ta kuma ƙara nauyin da zai faɗo ranar da ya karye. Ƙaramar hukumar da ta bar buga nata katin ta tsira da kuɗinta, amma ta ɗauki haɗarin da ba ta da iko a kansa: ba ita ta zaɓi kamfanin ba, ba ta ga yarjejeniyar ba, ba ta da injiniyan da zai duba lissafin.

An ba da wa'adi zuwa ƙarshen Maris 2018. Kafin ya cika an sabunta katuna kusan rabin miliyan, fiye da 350,000 daga cikinsu daga gida. Ranar 1 ga Afrilu aka soke satifiket ɗin sauran. Hukumomi sun ce yawancin waɗannan katuna ne da masu su ba su taɓa amfani da su ta intanet ba, kuma ba a sami ko mutum ɗaya da aka yi sojan gona da sunansa ta wannan lahani ba. Wannan adadi na waɗanda suka rage yana da nasa labarin. A ƙasar da ake misali da ita a duniya, dubban ɗaruruwan mutane, cikinsu har da yara da tsofaffi, suna riƙe da katin a matsayin roba mai hoto kawai, kuma teburin ma'aikaci a ofis shi ne gwamnatinsu har yanzu.

Rikicin ya sa an ƙara zura ido, sai ga wata ɓarakar ta fito. Binciken Arnis Paršovs na Jami'ar Tartu ya kai ga gano cewa a wasu tsofaffin katuna an haifi makullan sirri a wajen katin sannan aka zuba su ciki, saɓanin ƙa'idar da ta ce makulli ba ya barin ƙwaƙwalwar da ta haife shi. A 2018 aka soke satifiket ɗin katuna kusan 12,500 da ke aiki saboda wannan. A Satumbar shekarar hukumar ƴan sanda ta maka Gemalto a kotu tana neman yuro miliyan 152, daga baya ta ƙara wata ƙarar kan rashin sanar da ita lahanin ROCA a kan lokaci. Daga Disambar 2018 kamfanin IDEMIA ne ya karɓi buga katunan, bisa kwangilar da aka ƙulla tun kafin rikicin. Shari'ar kuwa ba ta kai ga hukunci ba. A Fabrairun 2021 ɓangarorin suka yi sulhu, kamfanin ya amince ya biya Estoniya yuro miliyan 2.2.